Kafin Ki Biya Kuɗin Digiri Ta Waya

Wannan jawabi ne da wata 'yar'uwa, nas mai kula da ɗakin shan magani na ikilisiya a karkara, ta yi a taron ma'aikatan lafiya da iyaye. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa.

  Na san da yawa a cikinku kun baro aiki a gona, saboda haka zan tafi kai tsaye ga abin da ya tara mu.

An ce in yi magana a kan karatun digiri ta intanet, ga nas wadda ta riga ta sami rajista, tana kuma bakin aiki. Da aka gaya mini, sai na ce a raina, me ya sa za a tara iyaye da dattawa saboda maganar da ta shafi mutum goma ko goma sha biyu? Amma da na kwana a kai, sai na ga maganar ta kowa ce. Kuɗin makarantar nan daga rumbunku yake fitowa. Kuma ranar da nas ta tafi birni rubuta jarrabawa, ƙofar asibitinku ce ake rufewa. 'Yan'uwana maza da ke cikin wannan aiki ku yi mini haƙuri, zan riƙa cewa "ki" domin mata sun fi yawa a nan, amma da ku nake.

Bari in fara da bayani domin iyayenmu. Yawancinmu mun yi shekara uku a makarantar koyon aikin jinya, muka rubuta jarrabawar hukumar da ke kula da nas-nas da ungozomomi ta Nijeriya, wato NMCN, wadda mu muke kira Kansil. An kafa ta a yadda take yanzu tun 1979. Ita ce take ba mu rajista da lasisi, kuma ba wanda doka ta yarda ya kira kansa nas in ba shi da su. Wannan takarda ta isa mutum ya yi aiki a kowane asibiti. Digiri kuwa wani mataki ne a gaba, wanda jami'a take bayarwa. Ba sabon abu ba ne, Jami'ar Ibadan ta fara koyar da shi tun 1965. Abin da yake sabo shi ne yanzu ana iya yin yawancin karatun daga gida, da waya ko kwamfuta, ba sai an ajiye aiki ba.

To me ya sa mace mai aiki, mai miji da 'ya'ya, za ta ɗora wa kanta wannan kaya? A aikin gwamnati, nas da ba ta da digiri takan hau har mataki na 14, muƙamin babbar jami'ar jinya, a nan take tsayawa. Kujerar mataimakiyar darakta da abin da ke sama da ita sai mai digiri. Za ki ga yarinyar da kika koya wa sa allura ta zo ta wuce ki. Haka kuma in kina so ki koyar ko ki yi digiri na biyu, sai kin bi ta wannan ƙofa. Wannan shi ne dalilin da kowa ya sani, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya nemi ci gaba.

Akwai dalili na biyu wanda ni ban gane shi ba sai da na shiga. Shekara da shekaru ina cika littafin rajistar marasa lafiya, ina aika rahoton wata-wata, ban taɓa karanta abin da nake rubutawa ba. Da aka koya mana lissafin ƙididdiga da hanyar bincike, sai na ɗauko tsofaffin littattafanmu na zauna da su. Nan na ga yaran da suke zuwa da gudawa yawancinsu daga unguwanni biyu suke, kuma rijiya ɗaya suke sha. Amsar tana cikin akwatina tun da daɗewa, idon gani ne ba ni da shi. A ƙasashen waje ma an auna wannan abu. A 2014 wata farfesa ta Jami'ar Pennsylvania mai suna Linda Aiken, tare da abokan aikinta, sun duba asibitoci 300 a ƙasashe tara na Turai. Suka ga duk inda yawan nas-nas masu digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata ya ragu da kashi 7 cikin ɗari. Manyan asibitoci ne na Turawa, ba irin namu mai gado shida ba, amma ya nuna karatun ba ado ba ne.

Duk da haka kada kowa ya fita daga nan ya ce na raina waɗanda ba su da digiri. Tsohuwar da ta koya mini neman jijiya a hannun jaririn da ruwan jikinsa ya ƙare ba ta taɓa taka jami'a ba, kuma har yau ban ga hannu irin nata ba. Ba kuma kowa ne ya kamata ya yi digirin ba. In saura miki shekara uku ki yi ritaya, ki riƙe kuɗinki. In kuwa ke nas ce kawai ba ki yi karatun ungozoma ba, kuma ƙauyenku ba mai karɓar haihuwa, ni a ganina ki fara yin ungozoma. Mutanenki sun fi bukatar wannan a yau.

Yanzu zan ba ku labarin kaina, ko da yake ba na jin daɗin ba da shi.

Wata rana saƙo ya shigo a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Wai wata jami'a ce ta ƙasar waje, digirin jinya cikin wata goma sha takwas, ba jarrabawa, ba tafiya ko'ina, kuma an rage kuɗi ga waɗanda suka biya kafin ƙarshen wata. Akwai hoton mutane da rigar kammala karatu suna dariya. Na buga lambar, wani mutum mai daɗin baki ya ɗauka, yana ta kirana "Mama Sista". Na je birni na same shi a wani ɗaki a saman shago, da tebur da tuta da takardu a bango. Na dawo gida na shawo kan maigidana. Ya sayar da masara buhu takwas da ɗan maraƙin da muke kiwo, muka tura kuɗin a asusun da mutumin ya ba mu. Sunan mutum ne a kan asusun, ba sunan makaranta ba. Na gani da idona, amma zuciyata ta riga ta tafi.

Wata biyar ana turo mini 'yan takardu a waya, ba malami, ba wanda ya taɓa tambayata ko na gane. Sai da wata babbar nas ta ji labari, ta ce mini, "Ƙanwata, kin tambayi Kansil kuwa?" Na je na tambaya. Ba wanda ya san da makarantar. Na koma ɗakin nan na saman shago, na tarar ana sayar da takalma a ciki. Maigidana bai yi mini faɗa ba, wannan ya fi faɗan zafi. Shekarar nan da ƙyar muka biya wa yara kuɗin makaranta. Na yi shekara biyu ban gaya wa kowa ba saboda kunya, kuma na sani a cikin ɗakin nan akwai waɗanda irin wannan ya same su suka yi shiru.

Ni an cuce ni ne ban sami komai ba. Akwai waɗanda suka sami takardar, kuma nasu ya fi muni. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida mai suna Umar Audu ya buga labarin yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. A farkon Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya a wannan shekarar ministan ilimi na lokacin ya ce 'yan Nijeriya sama da 22,000 ne suke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Kada kuma ku ce abin na Afirka ne kawai. A Janairu na 2023 hukumomin Amurka sun tona asirin makarantun jinya uku a jihar Florida waɗanda suka sayar da takardun bogi fiye da 7,600. Aka bi waɗanda suka saya ana ƙwace musu lasisi, waɗansu suna tsakiyar aiki a asibiti. Ke da kike da lasisi mai kyau wanda kika sha wahala kika samu, in kika haɗa shi da takardar ƙarya, kin sa shi ma cikin haɗari.

Saboda haka tambaya ta fari ba "nawa ne" ba ce, ba kuma "wata nawa ne" ba. Tambaya ta fari ita ce, wa ya amince da wannan takarda? A Nijeriya ƙofa biyu ce. Akwai hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, akwai kuma Kansil. NUC tana buga sunayen jami'o'in da ta yarda da su, da na cibiyoyin da ta ba izinin koyarwa daga nesa, har da jerin makarantun bogi. Kansil ma tana da jerin sassan koyar da jinya da ta amince da su. Duka suna shafinsu na intanet, kyauta ake dubawa.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, don haka ku ba ni kunnenku. Jami'a tana iya zama ta gaskiya, amma kwas ɗin jinya nata bai sami amincewa ba. Kwas ɗin yana iya samun amincewa ga ɗaliban da ke zaune a makaranta, amma ba a ba jami'ar izinin koyar da shi daga nesa ba. Ganin sunan jami'a a jeri bai isa ba. Ki tabbatar da jami'ar, ki tabbatar da kwas ɗin, ki tabbatar da izinin koyar da shi daga nesa. Kuma amincewar nan tana da wa'adi, ana sake zuwa a duba, ana iya janye ta. Abin da ƙawarki ta gani shekara huɗu da suka wuce ba shi ne hujja ba, ki duba na shekarar da za ki shiga.

Zan ambaci waɗansu domin ku san inda za ku fara tambaya, ba talla nake yi wa kowa ba. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda hedkwatarta take Abuja. An kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002 zamanin Shugaba Obasanjo. Shi kansa Obasanjo ya koma ɗalibi a cikinta bayan ya sauka daga mulki, har ya karɓi digirin dakta a tauhidin Kirista a 2018. In tsohon shugaban ƙasa bai ce ya tsufa da karatu ba, ke mai shekara arba'in ba ki da ta cewa. Amfanin NOUN shi ne tana da cibiyoyin karatu a manyan biranen jihohi, irin su Jos, Kaduna, Bauchi, Gombe, Yola da Jalingo. Akwai cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A kudu kuma akwai ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da ta Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomoso. Waɗannan duka sun koyar da nas-nas masu rajista digirin jinya daga nesa. Ki shiga shafin makarantar da kanki, ko ki taka ki je ofishinsu. Ba kya bukatar dillali. Kuɗi kuma a asusun makaranta ake biya, a ba ki rasit mai sunan makaranta.

Game da makarantun ƙasashen waje, akwai na gaskiya, ban ce babu ba. A Amurka wannan karatu ya yi ƙarfi ƙwarai, kuma akwai hukumomi biyu da aka fi sani masu tantance shi, CCNE da ACEN. Amma an tsara shi ne domin nas-nas na can, yawancin makarantun sai kina da lasisin aiki na Amurka za su ɗauke ki, kuma da dala ake biya. In kin gama, sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance takardar kafin ta yi miki amfani a nan. Duk wanda ya ce miki digirinsa zai kai ki Ingila ko Kanada kai tsaye, ki riƙe jakarki da kyau. Kowace ƙasa tana da jarrabawarta da sharuɗanta, digiri ba biza ba ne.

Bayan na warke daga wancan ciwo na nemi makarantar gaskiya, sai na ci karo da wani abu. Ana neman kiredit biyar a takardar sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma kada zama ya wuce biyu. Da yawa a cikinmu tsofaffin hannu ba mu da Fiziks. Ni sai da na sake zaman jarrabawar NECO, a aji ɗaya da sa'o'in ɗana na fari, suna leƙena suna dariya ƙasa-ƙasa. Na ci. Ki duba takardarki tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki duba lasisinki ko wa'adinsa ya ƙare, domin da lasisi mai rai ake ɗaukar mutum. Ki kuma duba suna. Takardar sakandare da sunan mahaifi, lasisi da sunan miji, katin ɗan ƙasa da wata ranar haihuwa dabam: wannan ƙaramin abu ya hana mutane karɓar takardarsu bayan sun gama. A gyara shi da takardar rantsuwa ta kotu tun kafin a cika fom.

Sai takardar izini daga wurin aiki. Kada ki fara karatu a ɓoye. Ki rubuta wa shugabanninki, su ba ki amsa a rubuce, ki ajiye ta inda kike ajiye takardar aure. Na san waɗanda suka kawo digiri mai kyau aka ce ba za a ƙara musu girma da shi ba, domin ba su nemi izini ba tun farko. Alkawarin baki ba ya aiki a nan, domin shugaban da ya yi miki shi ana iya canja shi gobe.

Yanzu ga maganar da masu talla ba sa faɗa. Ana cewa karatu ta intanet, amma ba dukansa ne a waya ba, kuma bai kamata ya zama haka ba. Digirin jinya shekara biyar ne. Nas mai rajista yawanci daga aji biyu take farawa, saura shekara huɗu ke nan, in ba ta faɗi komai ba kuma ba ta tsaya saboda haihuwa ko rashin kuɗi ba. A kowane zango za ki tafi cibiya ki rubuta jarrabawa da jikinki. Akwai makonnin da za a tura ki babban asibiti ko cikin al'umma domin aikin hannu, wani ya sa miki ido ya sa hannu a littafinki. A ƙarshe akwai aikin bincike, da malamin da sai kin bi shi. Duk makarantar da ta ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to ba jinya take koyarwa ba. Saboda haka ki tambaya ƙarara: a ina ake jarrabawa, sau nawa a shekara, kwana nawa, a wane asibiti ake aikin hannu? Makarantar da ta fi araha a takarda, in jarrabawarta tana nisan kwana ɗaya da rabi a mota, kuɗin mota da masauki za su cinye rangwamen har su ƙara. Ki ɗauki takarda ki rubuta kuɗin shekara huɗu gaba ɗaya, har da data da bugun takardu da abincin hanya, ki nuna wa maigida. Kada ki nuna masa na zangon fari kawai kamar yadda ni na yi.

Kada kuma ki tambayi ofishin makaranta kaɗai. Ki nemi nas biyu ko uku da suke ciki yanzu, da guda ɗaya da ta gama. Ki tambaye su ko sakamako yana fitowa a kan lokaci, ko malamai suna amsa saƙo, wata nawa aka yi kafin takardar kammalawa ta fito. Wadda ta gama kuma ki tambaye ta ko wurin aikinta ya karɓi takardar.

Akwai gwaji guda da nake ba kowa, kuma ba ya cin ko sisi sai 'yar data. NOUN tana sa littattafan kwasa-kwasanta a shafinta kyauta, kowa yana iya saukewa. Ki sauke guda ɗaya na jinya. Ki yanke wa kanki awa biyu kowace rana, har mako biyu, ciki har da makon da kike dutin dare. In kin iya, to kina da hanya. In kin ga kullum barci ne yake ɗauke ki a shafi na biyu, ba wai ba ki da ƙwaƙwalwa ba ne, sai dai akwai abin da ya kamata a sauke miki tukuna. A cikin mako biyun nan za ki san inda sabis yake kamawa a ƙauyenku da lokacin da yake da ƙarfi. Ni nawa a bayan majami'a ne kusa da bishiyar mangwaro, da asuba. Mai gadi har ya saba da ganina a can da tocila. Za ki kuma gane cewa waya tana isa karatu, amma rubutun bincike sai da kwamfuta, ko da ta hannu ce. Abu ɗaya nake roƙo: solar firjin rigakafi ba ta cajin kwamfuta ba ce. Na taɓa kama kaina ina miƙa hannu wajen soket ɗin nan, na janye.

Wata jaraba tana jiranki a ciki. A NOUN aikin gida yana ɗaukar maki 30, jarrabawa 70, kuma a ko'ina akwai yara a shagunan kwamfuta da za su yi miki aikin gidan da 'yan kuɗi kaɗan, har binciken ƙarshe suna sayarwa. Ranar da kika dawo daga karɓar haihuwa biyu, ga wa'adin miƙa aiki ya cika, za ki ji kamar ki biya. Ni dai ban ga bambancin wannan da takardar Kwatano ba, sai dai wannan ya fi daɗewa. Ba kowa ne zai kama ki ba. Amma lissafin maganin da za a sa wa yaro mai kilo tara, ba yaron shago ne zai tsaya a bakin gado ya yi miki ba.

Iyayena da dattawa, yanzu na juyo gare ku, kuma wannan ne ya fi nauyi a zuciyata.

A shekarata ta biyu na tafi jarrabawa ta kwana tara. Na bar yarinyar da ke taimaka mini, ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce mai ƙoƙari, amma ba ta daɗe da fara aiki ba. Ban gaya wa kwamitin asibiti ranakun ba sai ana gobe zan tafi, su ma ba su tambaya ba. A dare na huɗu aka kawo wata mata da naƙuda, jini yana zuba. Yarinyar ta buga mini waya, wayata tana kashe ina barci domin ina da takarda da safe. Kafin a sami mai babur, kafin a kai ta babban asibiti, an yi awa uku. Uwar ta rayu. Jaririn bai rayu ba. Ban ce da ina nan lalle da ya rayu ba, wannan ba a hannuna yake ba. Amma na san matar, ni na yi mata awo, na san cikinta yana da matsala, kuma da na zauna na yi shiri da na tura ta birni tun kafin in tafi. Na ci jarrabawar nan da maki mai kyau, har yau ba na son ganin sakamakon.

Tun daga lokacin muka canja. Da zarar jadawalin jarrabawa ya fito, nakan kai wa kwamiti, a manna a ƙofar asibiti, a kuma yi sanarwa ranar Lahadi. Muna rubuta sunan duk matar da ta shiga watan haihuwa, mai matsala mu tura ta wurin dangi kusa da babban asibiti. Mun yi magana da wata nas a garin da ke kusa, tana riƙe mini ina riƙe mata, don haka ba ma shiga jarrabawa a mako ɗaya. Akwai mai babur guda da aka ajiye wa kuɗin mai. Ba wani abu mai tsada a cikin wannan, zama ne kawai ba mu yi ba da fari.

Na san abin da ke ran waɗansu dattawa. Kuna cewa in muka bar ta ta yi digiri, za ta gudu birni ko ƙasar waje. Ba zan ruɗe ku ba, waɗansu za su tafi. Amma ku duba da kyau, wadda aka hana takardar izini ita ce take fara tafiya, kuma takan tafi da fushi. Karatu daga nesa shi ne hanya guda da za ta ƙaru tana nan tare da ku. In ikilisiya ko zumuntar mata za ta taimaka da kuɗi, a rubuta yarjejeniya a fili: mun biya kaza, za ki yi mana aiki shekara kaza bayan kin gama, in kin tafi kafin lokacin ki mayar da kaza. Kowa ya sa hannu. A kuma faɗi tun yanzu ko za a ƙara mata albashi in ta kawo takardar, ko da kaɗan ne, domin kada a zo ana kallon juna daga baya.

Mazajenmu kuma, da iyayenmu surukai, awa biyun nan da na ambata daga wani wuri za su fito. Ba za su fito daga asibiti ba. Daga murhu za su fito, da rafi, da wanki. Maigidana bai iya tuƙa tuwo ba har yau, amma shekara huɗu shi yake tashin yara da safe ya shirya su makaranta, uwarsa kuma ta karɓi girkin dare duk lokacin jarrabawa, ba ta taɓa yi mini gori ba. Mata na zumunta, in kun ga 'yar'uwa ta rage zuwa koyon waƙa ko ta makara a taron Alhamis, ku tambaye ta yaya karatu kafin ku tambaye ta ina ta shiga.

Shugaban taro yana duba agogo, don haka zan tsaya nan. Bayan an ci abinci zan zauna a bencin baya kusa da taga, a nan ne sabis yake kamawa. Duk wadda take da sunan wata makaranta a wayarta, ko wani uba da aka ce ya kawo kuɗi, ku zo mu buɗe shafin NUC da na Kansil mu duba tare. Ku zo da takardar sakandare da lasisi in kuna ɗauke da su. Wadda kuma ta riga ta biya wani, tana jin kunyar faɗa a gaban mutane, ta same ni a hanyar rijiya da yamma.